Daga Shimfiɗa Tabarma Zuwa Kwashe Kwanuka: Koya wa Ƙaramin Yaro Ladabin Cin Abinci

Mafi yawan faɗan da ake yi wa yaro kan cin abinci, ranar baƙi ake yi masa shi. An yi suna ko an zo gaisuwar Sallah, an ajiye tire a tsakar ɗaki, sai ga ɗan shekara huɗu ya kutso, ya tsoma hannun hagu cikin miya ya zaro tsoka. Uwa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta galla masa harara, in baƙi sun tafi a ja kunne. Amma da za ki bincika, yaron nan tun da aka yaye shi ba a taɓa zama an ci abinci tare da shi ba. Kullum a zuba masa a ɗan kwano a ce "je ka ci can", ya ci rabi a tsaye, rabi yana bin kaji. Ranar baƙi kuma ana son ya zauna kamar malamin zaure.

Ni ma na yi haka da ɗana na fari. Sai da na yi 'yan shekaru ina riƙe da ajin ƙananan yara a wata makaranta a unguwar Mabera cikin Sakkwato na gane cewa yaro ba ya ɗaukar ladabin ci daga faɗa. Yana ɗaukarsa ne idan yana da aikin da ya san nasa ne a wurin cin, kuma yana ganin babba zaune kusa da shi yana yin abin da ake ce masa ya yi. Abin da zan bi da ke a nan ya dace da 'yan shekara 3 zuwa 5. Na ce "ke" don na san iyaye mata da malaman raino ne wannan aiki ya fi faɗa wa, amma maigida ma yana da nasa rabon, za mu zo kansa.

Mataki na farko: wuri ɗaya, lokaci ɗaya

Kafin a yi maganar hannun dama ko Bismillah, a tsayar da wurin ci. Ko rumfar tsakar gida ce, ko falo, ko inuwar dogon yaro lokacin zafi, ya zama yaro ya san nan ake cin abinci. Ki zaɓi ci ɗaya a rana ki fara da shi. Na fi son na dare, bayan Magariba, don da safe ana sammakon makaranta, da rana kuma zafin Sakkwato, musamman a watan Afrilu da ma'auni ke haura 40, ba ya barin kowa da haƙuri.

A kashe talabijin, a ajiye waya. Yaron da ake ɗura wa abinci idonsa na kan waya bai san ya ci ba, bai san ya ƙoshi ba, kuma babu abin da ya koya. Sannan a rage kwalama kafin lokacin ci. In ya cika cikinsa da biskit da lemon kwalba da la'asar, ba tarbiyyar da za ta zaunar da shi gaban tuwo.

Kada ki sa ran dogon zama. Ɗan shekara uku in ya yi minti goma a zaune ya yi ƙoƙari. Ɗan shekara biyar zai iya kaiwa ashirin.

Mataki na biyu: ki ba shi aikin shimfiɗa

Nan ne gindin abin, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Yara suna son aiki fiye da yadda muke zato. Wata likita 'yar Italiya, Maria Montessori, da ta buɗe gidan renon yara a birnin Rum a 1907, ta lura cewa ƙananan yara suna natsuwa sosai in an ba su aikin gida na gaske, irin su shara, zuba ruwa da shirya wurin ci, da kayan da suka dace da hannunsu. Makarantu da yawa a nan suna liƙa sunanta a allon ƙofa, amma kakanninmu ba su jira ta ba: 'yar ƙwarya da 'yar tsintsiya da ake ba yarinya tun tana ƙarama, manufar ke nan.

Kayan da za ki tanada ba su da yawa, kuma duk za ki same su a Tsohuwar Kasuwa ko Babbar Kasuwa: tabarma ƙarama wadda yaro zai iya naɗewa, ledar cin abinci da ake shimfiɗawa a kai, kofunan roba ko na silba, ƙananan kwanuka, cokula, ƙaramar buta, roba mai faɗi ta tarar ruwan wanke hannu, sabulu, da tsumma mai tsabta. Ki ajiye su wuri ɗaya ƙasa-ƙasa, cikin kwando ko ƙasan kanta, inda hannunsa zai kai. In sai ya kira ki kin sauko masa da su, aikin bai zama nasa ba.

Ranar farko kada ki yi bayani da yawa. Ki ce, "Zo ka ga yadda nake yi." Ki share wurin, ki warware tabarma a hankali, ki shimfiɗa leda a tsakiya, ki ɗauko kofi ɗaya da hannu biyu ki ajiye, ki koma ki ɗauko wani. Ki yi komai a sannu kamar mai ciwon baya. Yaro da ido yake koyo, kuma in kina magana kina aiki, bakinki zai kalla ba hannunki ba. Kin gama, ki kwashe, ki ce, "To, kai ma gwada."

Daga nan ki riƙa ƙara masa aiki ɗaya-ɗaya, ba duka rana guda ba. Ɗan shekara uku ya fara da tabarma da kofuna. In ya yi mako yana yi ba a tuna masa ba, a ƙara cokula. Ɗan shekara huɗu zai iya ƙirga mutanen gida ya ajiye wa kowa nasa: "Baba ɗaya, Inna biyu, Yaya uku, ni huɗu." Kin ga lissafi ya shigo ba tare da allo ba, kuma lissafi ne na gaske, don in ya yi kuskure wani zai rasa kofi. Ɗan shekara biyar ya kawo ruwan sha a ƙaramin jug da ba a cika ba, ya ɗauko faifan rufe abinci, ya kira mutane: "Baba, an shirya."

Tsarin da nake koya musu a kan leda mai sauƙi ne. Tire ko kwanon tuwo da na miya a tsakiya. Kwanon kowa a gabansa in da kwano ake ci. Cokali da kofi a ɓangaren dama, don da dama za a ɗauka. Buta da robar wanke hannu a gefe, wajen leda, yadda ruwa ba zai fallatsa cikin abinci ba. In yaro yana rikicewa, ki samu kwali ki zana masa da'irar kwano, da siffar cokali, da ƙaramar da'irar kofi, ya riƙa ɗora kowane abu a kan hotonsa. Mako biyu zuwa uku ba zai ƙara buƙatarsa ba.

Abu uku ba na yaro ba ne ko ya yi kuka: tukunya ko kwano mai zafi, flas ɗin ruwan zafi, da wuƙa. Kunu da miya suna ƙona yara a gidajenmu ƙwarai, kuma galibi a daidai wannan lokaci ne na kai da kawo tsakanin madafa da wurin ci. Yaro ya gama shimfiɗa ya zauna, sannan babba ya kawo mai zafi.

Zai zubar da ruwa. Zai shimfiɗa tabarma a karkace. Ki miƙa masa tsumma ya goge, ki bar tabarmar a yadda take. In kika bi bayansa kina gyarawa a gabansa, kin gaya masa aikinsa bai yi ba, gobe kuma ba zai tashi ba. Wani abu kuma: a sa 'ya'ya maza su ma. Na sha jin ana cewa "bar shi, namiji ne", alhali namijin nan gobe zai tafi makarantar kwana ko jami'a, inda ba ƙanwar da za ta ɗauke masa kwano.

Mataki na uku: wanke hannu

A nan sai mun yi wa wata al'adarmu gyara. Kwano ɗaya na ruwa da ake zagayawa da shi, babba ya fara tsoma hannu, na biye ya tsoma, har a zo kan auta, ba wanke hannu ba ne. Wanda ya zo ƙarshe dattin kowa ya kwasa, kuma shi ne mafi rauni a gidan. Da damina, lokacin da amai da gudawa ke yawo, wannan ba ƙaramin ganganci ba ne.

A zuba ruwa daga buta, roba tana tara a ƙasa. A jiƙa hannu, a shafa sabulu, a cuɗa ciki da baya da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce na kamar daƙiƙa 20, a ɗauraye. Yaro bai san daƙiƙa ba, don haka ki haɗa masa da ƙirga: daga ɗaya zuwa ashirin a hankali, ko ki ƙirƙiro 'yar waƙa ta gidanku. Butar nan kuma ta zama ta wurin ci kaɗai, ba wadda ake shiga bayi da ita ba.

Daga shekara huɗu ki mayar da shi mai zuba wa mutane ruwa. Ya fara da babba, ya riƙe buta da hannu biyu, ya ɗan rusuna. Yara suna ji da wannan aiki kamar an naɗa su sarauta. Kuma duk gidan da yaro ne mai buta, za ki ga manya ma sun daina tsallake sabulu, don zai tona musu asiri.

Mataki na huɗu: zama, Bismillah, dama, gabanka

Duk ladabin da muke son koya wa ɗan wannan shekaru yana cikin hadisi ɗaya da Buhari da Muslim suka ruwaito. Umar ɗan Abu Salama, wanda ya tashi a gidan Annabi (SAW) bayan Annabi ya auri mahaifiyarsa Ummu Salama, ya ce yana yaro hannunsa na yawo ko'ina cikin akushi, sai Annabi ya ce masa: "Ya kai yaro, ambaci sunan Allah, ka ci da damanka, ka ci daga abin da ke gabanka." Ya ce tun daga ranar haka cin abincinsa ya kasance. Ki duba yadda aka yi gyaran: suna zaune kan akushi ɗaya, magana uku gajeru, ba tsawa, ba a kore shi daga wurin ba.

Ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Makon farko zama da Bismillah kawai. A zauna, ba a ci a tsaye, ba a ci a kwance ko a kishingiɗe, ba a miƙe ƙafa cikin leda. Ki ce Bismillah da ƙarfi yadda zai ji, ki ɗan dakata. In ya manta kada ki ce "ba ka yi Bismillah ba", ki ce "me muke cewa?" In ya riga ya fara, ki koya masa "Bismillahi awwalahu wa akhirahu", ya san mantuwa tana da magani.

Sai hannun dama. Yaro ɗan shekara uku sau da yawa bai gama tsayawa kan hannu ɗaya ba, kuma bai san wanne ne dama ba. Ki zauna a gefensa, ba gaba da gaba ba, don in kina fuskantarsa damanki yana saitin hagunsa ne, sai ya kwaikwaye ki a juye. Ki ajiye cokali ta damansa. In ya ɗauka da hagu, ki mayar masa cikin dama ba tare da dogon zance ba.

Bahago kuwa a yi masa haƙuri. Kusan mutum ɗaya cikin goma bahago ne, halitta ce, ba taurin kai ba. Surukata, Allah ya jiƙanta, in ta ga jikanta ya kai hagu sai ta ce, "Kai, mi kaka yi haka? Da hagun aka cin tuwo?" ta kama damansa ta sa a kwano tana dariya, ya ci gaba. Ba ta taɓa dukan hannun ba. Ci da sha da karɓar abu, a horar da shi kan dama sannu a hankali, zai iya. Rubutu da zane a bar masa hagunsa. Dukan hannu ko ɗaure shi ba abin da yake haifarwa sai tsoron wurin ci.

"Gabanka" ita ce ta fi wuya a tire. Dabarar da na ga tana aiki ita ce a shata masa iyaka: ki ja ɗan layi da cokali cikin shinkafa ki ce "wannan gonarka ce, wannan ta Yaya." Yaran da suka san gona suna gane wannan nan take.

Mataki na biyar: kwanon taro ko nasa shi kaɗai?

Mu mutanen ciyayya ne. Har yanzu a tsofaffin unguwanni irin su Kanwuri za ki ga magidanta sun fito da tuwo ƙofar gida bayan Magariba ana ci tare, kuma a kwanon taro ne yaro ke koyon kawaici, da jiran babba, da barin wa na kusa. Amma kwanon taro yana da aibi ga ƙarami. In ya haɗa hannu da yayyensa 'yan shekara takwas da goma, kafin ya kai loma uku sun share kwano, ke kuma kina zaton ya ci. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke ba da shawarar a zuba wa ƙaramin yaro nasa daban, don a san abin da ya shiga cikinsa.

Ni haɗa biyun nake yi. Abincin da zai ƙosar da shi a kwanonsa, yana zaune cikin mutane. Sannan sau biyu ko uku a mako a yi tire ɗaya da babba a ciki, irin ranar dambu ko masa, don koyon zama da jama'a.

A tuwo ki nuna masa yadda ake gutsuro 'yar loma da yatsu, a mulmula, a ɗan lotsa ta da babban yatsa, a dangwali miya daga gefen da ke gabansa. Loma daidai bakinsa, kuma ba a kai wata sai an haɗiye ta farko. Miyar kuka da ta kuɓewa za su zuba a riga, wannan ba makawa, sai a sa masa tsohuwar riga a huta. Hannun da ya shiga baki har wuyan hannu ba ya komawa kwanon taro haka. Ki fara gutsuro masa tuwon ki baza ya huce, don tsakiyar malmala tana riƙe zafi ko da bayanta ya yi sanyi.

Sai nama. Al'adarmu ta barin nama sai ƙarshe, babba ya raba, makaranta ce mai kyau ta haƙuri, ki riƙe ta. Amma a raba da adalci, kuma kada a mayar da rabon yaro ƙashi da fata. Shi ne yake kan girma yanzu, jikinsa ya fi na kowa buƙatar tsoka da ƙwai da wake. Tsohuwar maganar nan cewa yaron da ake ba ƙwai zai yi sata ba ta da tushe.

Mataki na shida: abin da baki ke yi ban da tauna

A rufe baki in ana tauna, ba a magana da abinci a baki, in tari ko atishawa ta zo a kau da kai. Waɗannan tunatarwa ce kawai ta yau da gobe.

Da yawanmu an tashe mu kan cewa ba a magana sam in ana ci, wanda ya yi kuma a ce ya yi santi. Tsokanar santi tana da daɗi, kakanni su ci gaba da abinsu da jikoki. Amma ban ga dalilin hana yaro hira a wurin ci ba. A nan ne zai koyi jiran wani ya gama magana, da cewa "don Allah miƙo mini ruwa", da "na gode". A nan ne kuma za ki ji abin da ya faru a makaranta wanda ba zai faɗa miki ba in kin tsare shi da tambaya.

Kushe abinci shi ne abin hanawa. Ya tabbata cewa Annabi (SAW) bai taɓa aibata abinci ba: in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Ki ba yaro kalmar da zai maye gurbin "ba daɗi" ko "ƙazanta" da ita, kamar "na gode, ba zan ci wannan ba." Sannan ki yarda da ita in ya faɗa. Ke ce mai yanke abin da za a dafa da lokacin ci da wurin ci, shi kuma cikinsa ne ya san yawan da zai ɗauka. Yaro kan ƙi sabon abu sau goma ko fiye kafin wata rana ya ɗauka da kansa, don haka ki ci gaba da sa masa ɗan zogale ko kabewa a gefen kwano ba tare da roƙo ba. Ɗure kuwa, a matse yaro tsakanin cinyoyi a toshe masa hanci, a bar shi har abada. Abincin na iya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu. Haka kuma ki zuba kaɗan ya nemi ƙari, ya fi ki cika kwano ki tsaya kansa da bulala sai ya cinye.

Ruwa a sha a zaune, da dama, a kurɓa a huta kamar sau uku, ba a numfashi cikin kofi. In kofi ɗaya ake zagayawa da shi na fura, a bi ta dama. Ina son ba yara labarin ranar da aka kawo wa Annabi abin sha, yaro na damansa, dattawa na hagunsa, ya nemi izinin yaron ya fara ba dattawa, yaron ya ce ba zai bar wa kowa rabonsa ba, aka kuwa miƙa masa. Suna jin daɗin labarin nan, don ya nuna musu ladabi ba kullum a kansu yake hawa ba, su ma suna da haƙƙi.

Dole in tsaya kan shaƙewa, don ita ce babban dalilin da ya sa muke cewa a zauna. Gyaɗa, aya, ƙwallon dabino, alewa mai tauri, yankan tsire, ƙashin kifi: duk suna iya toshe maƙogwaron yaron da bai kai shekara biyar ba, musamman in yana gudu ko dariya da su a baki. A cire ƙwallo, a yayyanka nama ƙanana, a tsince ƙaya. In ya shaƙe yana tari da ƙarfi, ki bar shi ya yi tarin, kada ki ba shi ruwa, kada ki zura yatsa kina lalube. In ya kasa tari, ya kasa kuka ko magana, ki sunkuyar da shi gaba ki buga tsakanin kafaɗunsa da tushen tafin hannu sau biyar. In bai fito ba ki tsaya ta bayansa, ki dunƙule hannu a saman cibiya, ki danna ciki da sama sau biyar. Ki riƙa maimaita biyun, wani kuma ya nemo abin hawa zuwa asibiti. Wannan na wanda ya wuce shekara ɗaya ne, ba a danna cikin jariri.

Mataki na bakwai: tashi

Ba a gama ci a ruga. A ce Alhamdu lillahi. Doguwar addu'ar bayan ci ta jira sai ya kai shekara biyar ko an koya musu a Islamiyya. A ce wa wadda ta dafa "sannu da aiki, an gode." Nan ne rabon maigida da na ambata: in yaro bai taɓa jin ubansa ya ce wa uwarsa sannu da aiki ba, to kada a sa ran jin ta daga bakinsa. Ko sau biyu a mako uba ya zauna kan tabarmar nan, abin da zai koyar da zamansa kawai ya fi wa'azin wata guda.

Sannan kowa ya ɗauki kwanonsa zuwa wurin wanke-wanke. Yaro ya tsince abin da ya zuba a kai wa kaji, ya goge leda, ya naɗe tabarma ya mayar wurinta, ya sake wanke hannu da baki. Ragowar abinci mai kyau a rufe. In za a ba almajiri, ki sa yaron ya kai da hannunsa, da dama, kuma a ba da tun yana da kyau, don dafaffen abinci in ya wuce awa biyu a buɗe cikin zafin nan ya fara zama abin tsoro. Gara ma a ɗebi na sadaka tun daga tukunya, yaro ya ga ba jagwalgwalon da aka rage ake bai wa mutum ba.

In a tebur ake ci

Gidaje da yawa yanzu suna da tebur, makarantun raino ma haka, kuma wata rana za a je gidan abinci ko walimar ɗaurin aure a zaure na zamani. Tsarin bai canza sosai ba. Faranti a tsakiya saitin kujera, cokali a dama, kofi a sama ta dama. Turawa suna ajiye cokali mai yatsu a hagu, wuƙa a dama, don da hagu suke kai loma in suna yanka. Mu sai a yanka abin da za a yanka tukuna, a ajiye wuƙa, a mayar da cokali mai yatsu dama. Ɗan shekara huɗu ba ruwansa da wuƙa, cokali ya ishe shi.

Abin lura shi ne tsayin kujera. In ƙafafunsa na lilo a sama, haɓarsa na taɓa tebur, ba zai natsu ba. A sa masa matashi a ƙasa, a ajiye 'yar kujerar tsugunne ya taka.

Gwaji kafin ranar baƙi

Wasan 'yar tsana da na girki da yara ke yi da gwangwanaye da ƙasa, ki shiga cikinsa wata rana. Ki zama baƙuwa, ki yi sallama, su shimfiɗa miki tabarma, su kawo ruwa. Ki yi kuskure da gangan, ki kai hagu ko ki miƙa hannu gaban wani, ki ga yadda za su yi miki ca. Yaron da ya gyara wa uwarsa kuskure ba ya manta dokar. A nan ne kuma za ki koya musu abin da ake yi in an tarar da mutane suna ci: an ce maka "Bismillah", ka ce "Alhamdu lillahi, a ci lafiya", ba ka tsaya kansu kana bin loma da ido ba. In kai ne mai ci wani ya shigo, kai ma ka yi masa tayi.

Watan azumi dama ce babba. Yaro ba ya azumi, amma shimfiɗar buɗa baki ta zama tasa: tabarma, kofunan kunu, ɗan farantin dabino, buta. Kwana 29 ko 30 a jere, lokaci ɗaya, kowa na gida, ba a samun irin wannan horo a sauran shekara.

In ranar baƙin ta zo, ki ba shi abinci kaɗan kafin su iso, don yunwa ba ta san kunya ba. Ki gaya masa aikinsa tun da wuri: "Kai ne mai buta yau, in Gwaggo ta zauna ka fara da ita." In ya yi kuskure a gaban mutane, ki matso ki raɗa masa a kunne, sauran maganar ta jira sai an watse. Autata ranar Sallar da ta wuce ta zuba wa Kawunta ruwa har cikin hannun riga, ta ruga da kanta ta ɗauko tsumma, ya miƙa mata hannun ta goge, aka ci gaba da cin masa.